Daga Ina Dala Ta Fito?

Ƴan uwa, kullum muna cewa dala a kasuwa. To, daga ina wannan kalma ta fito?

Asalinta wani gari ne na ƙasar Turai mai suna Yowakimstal, inda ake haƙar azurfa. Wajen shekarar 1520 aka fara buga kuɗin azurfa a can. Sunan garin ya yi tsawo, sai mutane suka taƙaita shi, suna ce wa kuɗin "tala". Da kalmar ta shiga bakin Ingilishi sai ta koma "dollar". A 1792 Amurka ta fara dokar buga kuɗinta da wannan suna.

Akwai wata tala mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Fatake sun ratso Sahara da ita har ƙasar Hausa, lokacin da kakanninmu ke ciniki da wuri. Da Faransawa suka zo da azurfarsu ta tamma 5, sai ita ma aka kira ta dala. Sunan bai ɓace ba ko da aka kawo sefa a 1945.

Ga abin lura. Lambar da ke kan kuɗi tamma take ƙirgawa, mu kuwa dala muke ƙirgawa. In ka ga 100, dala ashirin ke nan. 500 dala ɗari ce, 1000 kuma jika guda. Ka raba lambar gida biyar, ka san dalarka. Wanda ya riƙe wannan, da wuya a cuce shi ranar sayar da gyaɗa.