Daga Hayaƙin Tazargade Zuwa Hoton Jijiyar Kunne

Da yawanmu ba mu manta da bazarar 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. Lokacin ina ƙaramin yaro a Bodinga. Yayana, wanda ke wajen kakarmu a Shagari, ya tashi daga ciwon, amma bai sake jin ko tsawa ba, kuma in ya miƙe sai ya yi ta tangaɗi. Aka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu.

Sai da na gama jami'a na kama aikin gwamnati, sannan na bi diddigin lamarin. Ashe can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ƙashi mai siffar katantanwa wanda ke ɗaukar sauti, kusa da shi kuma akwai 'yan bututu uku masu hana mutum faɗuwa. Jijiya ta 8 daga cikin jijiyoyin kai 12 ita ke kai saƙonsu ƙwaƙwalwa. Shi ya sa kurunta da hajijiya kan zo tare.

Likitoci sun daɗe suna lalube. Rontgen na Jamus ya gano hoton ƙashi a 1895, amma hoton ba ya nuna jijiya. Barany na Austiriya, wanda ya sami kyautar Nobel ta 1914, ruwan ɗumi da na sanyi yake zubawa a kunne, ya lura da motsin ido. A 1971 aka fara gwada na'urar CT ta Hounsfield kan majinyaci a Landan, ita ce mai fito da ƙashin kunne dalla-dalla. Daga baya na'urar maganaɗisu ta MRI ta nuna jijiyar kanta. Lauterbur da Mansfield suka karɓi Nobel a kanta a 2003.

Ga abin da ya fi damuna. Bayan sanƙarau, ƙashi kan tsiro ya toshe katantanwar nan cikin 'yan watanni, har dasa na'urar ji ya yi wuya. Na yayana an makara.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gaggauta kai shi asibitin koyarwa na Sakkwato a auna jinsa. Kada kuma a yi sakaci da rigakafi. Allah Ya kiyashe mu, amin.