Ƙwai Baƙo, Kaza Ƴar Gida: Tarihin Ƙyanƙyasa a Adar da Majiya

Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ya san kacici-kacicin nan da ke cewa: ɗakin saurayi ba ƙofa. Amsarsa ƙwai. To, ɗakin nan marar ƙofa yau ya zama matafiyi. A Buza da Madawa da Kaita, matasa da malaman makaranta da ƙungiyoyin mata suna aikawa Maraɗi ko Yamai, wani lokaci har Sakkwato ko Kano, a sayo musu ƙwan kajin zamani, a jera cikin kwali, a ɗora a mota, su zo su zuba a injin ƙyanƙyasa cikin gida. Da yawa suna ɗaukar abin a kan sabuwar sana'a. Tarihi kuwa ya nuna cewa ƙyanƙyashe ƙwan da aka ɗauko daga wani wuri tsohon aiki ne a wurinmu, kuma ya nuna mana abin da za mu yi asara in muka yi sake.

Mu fara da kazar kanta, don ita ma baƙuwa ce. Asalinta wata kazar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya. Binciken da aka wallafa a shekarar 2022 ya nuna cewa ƙasusuwan kazar gida mafi daɗewa da aka tabbatar su ne na Ban Non Wat a ƙasar Tailan, masu shekaru tsakanin 1650 da 1250 kafin miladiyya. Daga can ta biyo fatake da jiragen ruwa, ƙarni bayan ƙarni. Ƙasusuwan da aka tono a tsohon garin Jenne na Mali da Kirikongo ta Burkina Faso sun shaida cewa ta zauna a Afirka ta Yamma fiye da shekara 1000 da suka wuce. Zabo shi ne ɗan ƙasa: a dajin Afirka aka same shi, a nan kuma aka mayar da shi na gida.

Tsakanin baƙuwar nan da ɗan ƙasar nan kakanninmu suka ƙulla wata dabara. Zabuwa tana zuba ƙwai da yawa da damina, amma ba uwar kirki ba ce: takan yi gurbinta cikin ciyawa nesa da gida, in ta ƙyanƙyashe kuma ta ja ƴaƴan cikin raɓa har su ƙare. Kaza kuwa ga haƙurin kwanci, ga kishin ƴaƴa. Saboda haka matan karkara sukan sayi ƙwan zabi ran kasuwa, a Tabotaki ko Tamaske ko Bangi, su ɗaga shi ga hasken rana su duba, su kwantar da shi cikin ƙwarya da gero ko dusa don kada ya bugi juna, su kai gida su sa wa kazar da ta fara kwanci. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabuwa 26 zuwa 28, kaza kuma takan daure ta cika kwanakin. Ashe ƙwan da ya yi tafiya, uwar da ba ta haife shi ba ta ƙyanƙyashe shi, ba yau aka fara ganinsa a Adar ba. Sai dai tafiyar ta yini guda ce, bisa kai ko bisa jaki, ƙwan kuma na kwana biyu ne ko uku.

Ƙyanƙyasa ba tare da uwa ba kuwa, ita ma a nahiyarmu ta yi suna, a ƙasar Masar. Aristotal ya ambace ta tun ƙarni na 4 kafin miladiyya, kuma wajen shekarar 1200 malamin nan likita Abdul Laɗif al-Bagadadi ya bayyana yadda ake yinta. Misirawa sukan gina ɗakunan laka masu hawa biyu, su hura wutar kashin dabbobi da ƙaiƙayi a sama, su shimfiɗa dubban ƙwai a ƙasa, suna juya su dare da rana. Ba su da ma'aunin zafi. Ma'aikaci yakan ɗora ƙwai bisa fatar idonsa, ya gane ko zafi ya yi daidai. Sana'ar gado ce, mutanen ƙauyen Birma suka fi shahara da ita, kuma ba sa faɗa wa bare sirrinta.

Wannan sirri ne Turawa suka daɗe suna nema. Bafaranshen nan Réaumur, wanda ɗalibanmu suka fi sani da ma'aunin zafinsa, ya wallafa littafi a 1749 a kan ƙyanƙyashe tsuntsayen gida a kowane lokaci na shekara, bayan ya yi gwaji da ganguna da ɗumin taki da na tandun burodi. A 1879 Lyman Byce ya ƙera injinsa a Petaluma ta Kaliforniya, a 1881 kuma Charles Hearson na Ingila ya fito da wanda ke daidaita zafinsa da kansa. Daga nan sana'a ta bar hannun uwa ta koma hannun kamfani. A 1918 gidan waya na Amurka ya fara karɓar ƴan tsaki masu kwana ɗaya yana kai wa manoma. A lura da wannan da kyau: manyan ƴan kasuwa sun fi son aika ɗan tsako bisa ga aika ƙwai. Dalili shi ne ɗan tsako yana shanye sauran gwaiduwa kafin ya fito, guzurin da ke riƙe shi har kusan kwana 3 ba ci ba sha, alhali ƙwai kowane girgizo rauni ne gare shi.

A Nijar, bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta buɗe tashoshin kiwon kaji a Maraɗi da Mirya da Yamai don yaɗa irin ƙetare. A ƙasashen Sahel da dama an yi ta musayar zakaru: a karɓi na gida a ba manomi jan zakara na Turai don ya gyara iri. Galibin waɗannan zakaru ba su jure zafi da ciwo da kiwon sake ba. Daga baya mafi yawan ƴan tsaki da ƙwan iri suka riƙa shigowa daga maƙwabciyarmu Nijeriya, inda cibiyar binciken dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, ta fitar da nata irin mai suna ShikaBrown. A ƴan shekarun nan kuma ƙananan injuna masu sauƙin kuɗi, waɗansu masu aiki da batir da hasken rana, sun shiga gidaje. Abin ƙwarin gwiwa a fili yake: kazar gida ba ta cika wuce ƙwai 50 a shekara ba, ta zamani kuwa, in ta samu abinci da kulawa, takan haura 250.

Ni kaina na shiga wannan kasuwa. Wata shekara da bazara na aika aka sayo mini ƙwai 30 daga birni. Kwali ya kwana a tasha, ya yini bisa rufin mota, ya sha gargadar hanya. Da isowarsa na zuba shi a inji, don ɗoki. Ran kwana na 21 ƴan tsaki 9 suka fito, saura bara-gurbi. Maƙwabciyata, dattijuwa wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta leƙo ta ce: “Malam, kai da ka sauko daga mota sai ka huta, shi kuwa ba ka bar shi ya huta ba.” Daga baya na karanta na tarar maganarta ita ce ta masana.

Ga abin da hanya ke yi wa ƙwai. A gefensa mai faɗi akwai ƴar jakar iska wadda ɗan tsako zai fara shaƙa kafin ya fasa ɓawo. Girgizar mota takan kwance ta daga mazauninta. Zafi kuma, da ya haura digiri ashirin da ƴan kai, yakan tayar da halittar da ke ciki ta fara girma ba bisa ƙa'ida ba, ta mutu a hanya, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin jahar Tawa yakan wuce digiri 40. Ƙwan da ya haura mako guda da saka shi, ƙarfinsa raguwa yake kullum. Don haka mai son sa'a sai ya aika lokacin sanyi, ya tabbata ƙwan ya fito daga garken da ke da zakara, don na kajin gona da ake sayarwa domin ci ba ya ƙyanƙyasuwa ko an shekara. In ya iso, a tsayar da shi, tsininsa ƙasa, a wuri mai sanyi, yini da kwana. Sannan a sa shi a inji mai zafin digiri 37 da rabi zuwa 38, da kaskon ruwa a ciki, musamman da hunturu in iska ta bushe. A riƙa juya shi aƙalla sau 3 a yini har kwana na 18, a haska shi da tocila wajen kwana na 7 zuwa 10 a fitar da marar rai. A kwana ukun ƙarshe a daina juyi, a ƙara ruwa, a bar buɗe inji. Ko an cika duk wannan, masu sana'ar sukan ce in rabin ƙwan tafiya ya fito, a gode wa Allah.

Amma darasin tarihi ya wuce na digiri da kwanaki. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da masassarar tsuntsaye a wata gona ta jahar Kaduna, kafin watan ya ƙare kuma ta bayyana a Magarya. An kashe kaji, kasuwa ta faɗi, kowa ya gane cewa hanyar da ke kawo iri ita ke kawo ciwo. A 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Duk wanda kiwonsa ya rataya ga iyaka da wayar lantarki ya ji a jikinsa. Kazar gida ba ta san an yi ba.

A nan maganar take. Kajin zamani an zaɓe su ne don su yi ta saka ƙwai, har aka kusa raba su da halin kwanci, kuma ƴaƴansu ba sa gadon cikakken albarkar iyayen. Wanda ya sayar da kajin gidansa ya koma gare su ɗungurungum, ya zama mai sayen iri har abada. Kaza kuwa a ƙasar nan dukiyar mace ce da yaro: ita ce kuɗin alli da littafi, ita ce maganin dare, ita ce karramar baƙo. In kwanci ya ɓace daga akurkinmu, ikon ƙyanƙyasa ya bar hannun mata ya koma hannun mai inji da mai mota.

Ba cewa nake a yar da inji ba. A riƙe shi, a koyi ƙa'idarsa, a fara da ƙwan zabi da na kajin ƙauyukan kusa kafin a hango na nesa. Amma kowane gida ya bar kaza biyu ko uku masu kwanci, ran da wuta ta ɗauke su karɓi aiki. Mu malamai kuma da ƙungiyoyin raya al'adu, aikinmu ne mu je wurin tsofaffin mata na Majiya da Adar, mu rubuta yadda suke zaɓen ƙwai da ajiye shi da sunayen da suke kiran kowane irin kaza, kafin su tafi da abinsu. Misirawa sun tsare saninsu ta hanyar gado. Namu yana bakin iyayenmu mata, kuma har yanzu ba a rubuta shi ba.