Larurar Rikicewar Aikin Jijiyoyi da Wahalar Gane Abin da ke Cikin Rai

Gabatarwa

Mun tanadi wannan bayani ne domin amfanin jama'a, musamman mazauna karkara irin su Tozai da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Illela da ke kan iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Akan sami mutum ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, ko ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ko muryarsa ta ɗauke, amma in an yi gwaji a asibiti sai a tarar babu rauni a ƙwaƙwalwa ko laka. Wannan ita ce larurar rikicewar aikin jijiyoyi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da FND. Jijiyoyin lafiyarsu lau, saƙon da ke gudana tsakaninsu da ƙwaƙwalwa ne ke rikicewa. Cuta ce ta gaske, kuma ba da gangan mai ita ke yi ba.

Yawanta

Wani bincike da aka buga a 2010 kan sababbin majinyata 3,781 a asibitocin jijiyoyi na Sukotilan ya nuna cewa kimanin kashi 16 cikin 100 na ɗauke da irin waɗannan alamu. Ciwon kai ne kaɗai ya fi su yawa. Larurar ta fi kama mata, ko da yake maza da yara ma ba su tsira ba.

Dangantakarta da Halin Rai

A shekarar 1973 wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Peter Sifneos, ya bayyana wani hali da ya raɗa wa suna aleksitaimiya, wato kasa gane abin da ke cikin rai da kasa faɗinsa da baki. Mai wannan hali yakan ji faɗuwar gaba, ko nauyin ƙirji, ko jiri, amma ba ya gane cewa tsoro ne ko baƙin ciki ko fushi. Wani nazari da aka yi a Landan a 2014 ya sami wannan hali a wajen kimanin ɗaya cikin uku na masu larurar, alhali bai kai ɗaya cikin goma ba a tsakanin masu lafiya. Haka kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna cewa a wajensu sashen da ke kula da tsoro yana da alaƙa mai ƙarfi fiye da kima da sashen da ke shirya motsin gaɓɓai.

A nan ya kamata mu bambance abu biyu. Al'adarmu ta girmama kunya da haƙuri da dauriya, har akan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Wanda ya yi shiru saboda kunya ya san abin da ke damunsa, ɓoyewa kawai ya yi. Mai wancan hali kuwa, in ya ce "ba komai", iyakar abin da ya sani ke nan. Saboda haka matsa masa da tambaya ko zarginsa da ƙarya ba ya haifar da ɗa mai ido.

Rasuwar makusanci, rikicin aure, cin zarafi, ko firgitar hare-haren 'yan bindiga da suka addabi gabashin jiharmu, duk suna iya zama sanadi. Sai dai ba kowane majinyaci ke da irin wannan tarihi ba. Wasu takan fara musu ne bayan rauni ko zazzaɓi, shi ya sa tun 2013 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire sharaɗin sai an gano wata damuwa kafin a tabbatar da cutar.

Yadda Ake Gane ta

Likita na tabbatar da ita ne da alamu bayyanannu. Misali, ƙafar da ta ƙi motsi takan dawo da ƙarfinta in aka sa majinyaci ya ɗaga ɗaya ƙafar, alamar da likita Charles Hoover ya bayyana tun 1908. Faɗuwarta na kama da farfaɗiya, amma maganin farfaɗiya ba ya warkar da ita, kuma mutum ɗaya na iya haɗa duka biyun.

Magani

Maganin kan fara da gamsasshen bayani daga likita, sannan motsa gaɓɓai a hannun ƙwararru, da zaman tattaunawa inda ake koya wa majinyaci lura da alamun jikinsa da sanya wa kowane yanayin rai suna. Da yawa sukan sami sauƙi, musamman in an gane ta da wuri. Ana iya neman ƙwararru a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, kan hanyar Illela zuwa Sakkwato, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Shawara ga Iyalai

1. In rabin jiki ya shanye farat ɗaya, ko faɗuwa ta wuce minti 5, a garzaya asibiti mafi kusa.
2. Kada a cusa cokali a baki, kada a danne majinyaci, kada a ɗura masa komai.
3. In da hali, a ɗauki bidiyon faɗuwar da waya domin a nuna wa likita.
4. Addu'a ba ta hana neman magani, amma a guji duka da ɗauri da turaren barkono.
5. Kada a cire yarinya daga makaranta ko a fasa aurenta saboda wannan larura, domin ba a ɗaukarta daga wani.

Kammalawa

Muna kira ga iyaye da malamai da masu unguwanni da su riƙa sauraron irin waɗannan bayin Allah cikin natsuwa, su kuma kai su asibiti a kan lokaci. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.