Manhajar ajiye kalmomin sirri da ƙungiya ke riƙewa a sabarta

A gidajen rediyon al'umma, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ƙananan ofisoshi, sau da yawa kalmar sirri ɗaya ce ke buɗe shafin Facebook, akwatin imel da shafin intanet na ma'aikata. Ana tura ta ta WhatsApp ko a rubuta a bayan littafin lissafi. Ranar da wani ya bar aiki cikin fushi, ko wayarsa ta ɓata, babu wanda zai iya cewa mutum nawa ne suka san ta.

Manhajar ajiye kalmomin sirri, wadda a Faransanci ake kira gestionnaire de mots de passe, an yi ta ne don wannan matsala. Kowane ma'aikaci yana da babbar kalmar sirrinsa guda, ita kaɗai zai haddace, kuma da ita yake buɗe abin da aka ba shi izinin gani. Bayanan a kulle suke tun daga waya ko kwamfutar mai su, don haka sabar da ke ajiye su ba ta iya karanta kalmomin. Saba ita ce kwamfutar da kowa ke haɗuwa da ita don ɗauko bayanai. Tana iya zama ta kamfanin da ya ƙera manhajar, tana kuma iya zama ta ƙungiyar da kanta, a ofis ko wadda ta yi haya. Wannan na biyun shi ne auto-hébergement.

Abin da ya faru da LastPass

A watan Disamban 2022, kamfanin LastPass na Amurka ya sanar cewa masu kutse sun kwashi kwafin taskokin abokan cinikinsa. Kalmomin sirrin a kulle suke, amma adireshin shafukan da mutane ke shiga a buɗe yake, kuma duk mai babbar kalma mai rauni ya shiga haɗari, domin ɓarayin na da lokacin gwadawa yadda suka ga dama. Tun daga nan ƙungiyoyi da dama suka fara tunanin riƙe taskarsu a gida.

Sai dai akwai ɓangaren labarin da ya kamata mai wannan tunani ya riƙe. An shiga ne ta kwamfutar gida ta wani babban injiniyan kamfanin, ta hanyar manhajar Plex da bai sabunta ba, alhali an toshe wannan kafa tun watan Mayun 2020. Saba a ofis da babu mai sabunta ta tana iya faɗuwa ta irin wannan hanya.

Manhajojin da aka fi sani

Passbolt, daga Luksambur, don aikin tare aka gina ta tun farko. Tana amfani da tsarin OpenPGP: kowa na da mabuɗinsa, kuma ana kulle kowace kalma daban ga duk wanda aka raba wa. Akwai sigar kyauta. Wanda ya rasa mabuɗinsa bai kuma adana kwafinsa ba zai sha wuya, don haka dole a koya wa ma'aikata wannan tun ranar farko.

Bitwarden, wadda ta fito a 2016, ana iya ɗora ta a sabar ƙungiya. Amma ƙananan ofisoshi sun fi karkata ga Vaultwarden, wadda masu aikin sa-kai ke kula da ita, tana aiki da manhajojin waya na Bitwarden, kuma ba ta da nauyi, har ƙaramar na'urar Raspberry Pi tana ɗaukarta. Ba kamfanin Bitwarden ne ke da ita ba, ba kuma shi zai kawo ɗauki ba idan ta lalace. Wani amfaninta a inda wuta ba ta tsayawa shi ne wayar wanda ya riga ya shiga tana riƙe kwafi a kulle, yana iya duba kalma ko da sabar ta mutu.

KeePass, wadda Bajamushe Dominik Reichl ya fitar a 2003, ba ta buƙatar saba ko kaɗan, fayil ɗaya ne kawai. Ta dace da mutum biyu ko uku da suka amince da juna, amma duk mai buɗe fayil ɗin yana ganin komai.

Nauyin da ke kan ƙungiya

Ɗora manhajar aikin yini ɗaya ne ga wanda ya iya. Kulawar ce ke cin lokaci. Ana buƙatar takardar tsaro ta HTTPS, wadda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta amma sai an riƙa sabunta ta, da hanyar tura imel don gayyatar ma'aikata, da kwafin ajiya a wani wuri daban da ofis, wanda aka taɓa gwada maido da shi aka ga yana aiki. Ya kamata masu kula da sabar su kasance aƙalla biyu, don kada komai ya rataya a wuyan yaro ɗaya da zai iya tafiya Kotonu ko Yawunde neman aiki. A kuma kunna tantancewa mataki biyu ga kowa.

Wurin da aka ajiye sabar ma zaɓi ne mai sakamako. Ta ofis tana ci gaba da aiki ga na cikin ofis ko da intanet ya katse, kamar yadda ya faru a Gana, Benin da wasu ƙasashen yankin ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke. Amma wakilin da ke wata ƙasa ba zai same ta ba sai an buɗe mata hanya daga waje, kuma ƙungiyar da mambobinta ke warwatse tsakanin ƙasashe biyu ko uku galibi sabar haya ta fi mata sauƙi. Ƙungiyar da ba ta da wanda zai ɗauki wannan kulawa a kai a kai gara ta biya kamfani amintacce ya riƙe mata.

Ko wacce aka zaɓa, cire sunan wanda ya bar aiki ba ya goge abin da ya riga ya gani ko ya kwafa. Manhajar tana nuna kalmomin da aka raba masa, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya a canza a ranar, a fara da ta imel, tun da ta nan ake sake saita sauran.