Matashi a Bakin Kasuwar Ƙwadago: Nazarin Nau'o'in Aiki da Hanyoyin Shigarsu a Nijeriya

Tsakure

Maƙalar nan ta nazarci ayyukan da ke jiran matashin da ya fito neman abin yi, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da tsarin kasuwannin Hausawa. Ta gano cewa aikin albashi, wanda makaranta ke shirya ɗalibi dominsa, ƙaramin yanki ne na kasuwar.

Abin da alƙaluma suka nuna

A ƙarshen 2020 hukumar ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A farkon 2023 sai adadin ya koma 4.1. Ba sababbin masana'antu aka buɗe a Sharaɗa ko Bompai ba, ma'aunin ne aka sauya. A da, wanda aikinsa bai kai awa 20 a mako ba, cikin marasa aiki ake lissafa shi. Yanzu, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya da aka yi don lada ko riba ta wadatar. Ke nan mai turin baro da ya yi lodi biyu ranar kasuwa ya shiga sahun ma'aikata.

Abin da ya fi amfanar mai farawa wani adadin ne daban. A rubu'i na biyu na 2023, masu cin albashi kashi 12 ne kacal, sauran 88 zaman kansu suke ci, kuma fiye da kashi 90 na ayyukan ba su da rajista ko kwantiragi a rubuce. A nan ake samun manomi, tela, ɗan achaba, dillali mai cin la'ada, ɗan ci-rani, da matar da ke ƙuli-ƙuli a cikin gida.

Hanyar shiga

Aikin ofis da takardar shaida ake nemansa. Kasuwar Kantin Kwari kuwa ba ta tambayar takarda, tambayarta ita ce wa ya san ka, wa zai tsaya maka. Yaron shago yakan fara da shara da aike, a gwada shi da kuɗi kaɗan, daga baya a bar masa makulli. In ya riƙe amana shekaru, ubangida ya sallame shi da jari ko ya ba shi kaya bashi. Abner Cohen, a bincikensa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ya dogara kacokan ga bashi da lamunin mai gida. Wannan tsari na yaron shago makaranta ce ta gaske, kuma abin takaici ne a ce masu ba ɗalibai shawara ba su cika ambatonsa ba.

Sai dai yana da rauni babba. Sallama alkawarin baki ce. In ubangida ya karye ko ya saɓa, yaro ba shi da abin nunawa. Doka ma ba ta kai gare shi ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma masu aikin la'ada da na jinga. Don haka wannan nazari ke ganin ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su fara rubuta sharuɗɗan ɗaukar yaro a gaban shaidu: shekarun hidima, kuɗin abinci, da abin da za a sallame shi da shi.