Wasiƙun Waziri da Bokitin Gajimare

Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato bayan gwabzawar Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas, masu mamaya kuma suka taras da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari. Tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Muhammadu Bello, wannan gida ne ke kula da saƙonnin da ke kai da komo tsakanin Sakkwato da manyan masarautu irin Kano da Zazzau. A 1927 aka buga fassarar wasu daga cikin wasiƙun a Legas, aikin H. F. Backwell. Abin da sarki ya rubuto wa ubangidansa game da motsin Nasara ya koma abin karatun jami'in Nasara.

Ma'ajiyar dai an sake buɗe ta, amma ta wata ƙofa. A farkon shekarun 1960 Waziri Junaidu ya ba Murray Last izinin duba takardun gidan, aikin da ya haifi littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967. Buɗewar farko da bindiga aka yi ta, ta biyu da yardar mai gida. A duka biyun sai da mutum ya tako har ƙofa aka ga fuskarsa.

Wannan sharaɗi na zuwa ƙofa shi ne ya faɗi a 2006. Cikin watan Maris na shekarar kamfanin Amazon ya fito da S3, rumbun haya a intanet inda kowa ke iya zuba fayilolinsa cikin abin da aka raɗa wa suna bokiti. Google ya biyo baya da nasa a 2010. Sunan ya yi wa abin ƙarami, don bokiti guda na iya ɗaukar takardun ma'aikata baki ɗaya. Ba shi da zaure, ba shi da dogari. Abin da ke tsare shi 'yan saituna ne: wa zai karanta, wa zai rubuta, ko za a adana tsohon kwafi idan an sauya fayil, bayan kwana nawa za a goge.

Ana iya sauya saitunan da latsa maɓallai a shafin kamfanin, amma masu sana'ar sun fi son layin umarni, baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi kai tsaye. Suna da hujja. Umarnin da aka rubuta ana iya ajiye shi, abokin aiki ya duba kafin a zartar, a maimaita shi kan bokiti ɗari ba tare da hannu ya gaji ba. A tsarin Google, layi ɗaya kamar `gcloud storage buckets update gs://sunan-bokiti --public-access-prevention` ya isa ya hana a buɗe bokitin ga jama'a.

Sai dai kwamfuta ba ta da ɗabi'ar magatakarda, wanda zai ɗaga kai ya ce, "Ranka ya daɗe, haka kake nufi?" Ranar 28 ga Fabrairu, 2017, wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen shigar da umarnin cire wasu 'yan injuna, sai aka cire fiye da yadda aka nufa, S3 ya tsaya na kusan awa huɗu a yankin gabashin Amurka, shafuka masu yawa suka tsaya tare da shi. A watan Yuni na shekarar Chris Vickery, mai binciken tsaro a kamfanin UpGuard, ya gano bayanan masu zaɓe kusan miliyan 198 na Amurka a wani bokiti na kamfanin Deep Root Analytics. Ba a fasa komai ba. Ƙofar ce a buɗe, duk mai adireshin na iya shiga.

Akwai kuma tarko mafi shiru. Wasu umarnan Amazon, irin `put-bucket-policy`, ba ƙari suke yi a kan dokar da ke nan ba; shafe ta suke yi su ɗora sabuwa. Wanda ya zo ƙara izinin mutum ɗaya na iya kwashe na kowa. A Google kuwa, idan aka kulle wa'adin adana fayiloli, ba ya raguwa ba ya ciruwa, sai dai a ƙara shi. Malamin fiƙihu zai ga kamanninsa da waƙafi. Ga mai adana hotunan tsoffin rubuce-rubucen Sakkwato wannan alheri ne. Ga wanda ya kulle bayanan marasa lafiya na shekara talatin bisa kuskure, kuɗin haya ne da zai yi ta biya da dala.

A ganina kamfanonin sun yi jinkiri wajen gane cewa laifin ba na mai rubuta umarni kaɗai ba ne. Sai a Nuwamba 2018 Amazon ya samar da makullin da ke toshe shigar jama'a gaba ɗaya, sai kuma Afrilu 2023 ya mai da shi abin da kowane sabon bokiti ke zuwa da shi. Wata biyu bayan haka Najeriya ta samu dokarta ta kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora nauyin tsaro a wuyan duk wanda ya tara bayanan mutane, ko asibiti ne ko makaranta.

Sauyin na Afrilu bai taɓa tsoffin bokitai ba. Wanda ɗan kwangila ya buɗe wa wani ofis a Sakkwato shekarun baya, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, yana nan yadda ya bar shi har sai wani ya zauna ya rubuta `get-public-access-block` ya karanta amsar.