Sanata Sam Ervin da Iyakar Tsoron Gwamnati

Sam Ervin, wanda ya wakilci jihar Karolina ta Arewa a Majalisar Dattawan Amurka daga 1954 zuwa ƙarshen 1974, yana cikin 'yan majalisar da tarihinsu ya fi wahalar yi wa hukunci, domin mutum ɗaya ne ya yaƙi manyan dokokin daidaita haƙƙin baƙar fata da farar fata, kuma shi ne ya zama jigon masu tilasta wa shugaban ƙasa bayanin ayyukansa. An haife shi a garin Morganton a 1896, ya karanta shari'a a Harvard, ya yi alƙalanci a kotun ƙolin jiharsa kafin a naɗa shi sanata a shekarar da Kotun Ƙolin ƙasar ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata.

A 1956 Ervin yana cikin waɗanda suka tsara Sanarwar Kudu, wato takardar da 'yan majalisa kusan ɗari daga jihohin kudu suka sa wa hannu suna zargin kotun da wuce gona da iri. Salonsa ya bambanta da na wasu takwarorinsa, domin da sassan kundin tsarin mulki yake kafa hujja, ba da zagin ƙabila ba, kuma wannan ne ya sa ya fi amfani ga masu son wariyar ta ɗore. Lokacin muhawarar dokar daidaita haƙƙi ta 1957 ya dage cewa duk wanda ake tuhuma da bijire wa umarnin kotu kan haƙƙin zaɓe, a bar masu taya alƙali yanke hukunci su saurari shari'arsa, wato talakawan da ake zaɓowa daga cikin al'umma. A takarda wannan kariya ce ga wanda ake tuhuma, amma a kudu, inda kusan farar fata kaɗai ake kira wannan aiki, ma'anarta ita ce da wuya a hukunta jami'in da ya hana baƙar fata rajista. A 1964 ya shiga doguwar muhawarar da sanatocin kudu suka shirya don hana kaɗa ƙuri'a kan dokar daidaita haƙƙi ta wannan shekara, al'adar da dokar majalisar ta yarda da ita a lokacin sai in kashi biyu cikin uku sun amince a rufe magana, har aka rufe ta a ranar 10 ga Yuni da ƙuri'a 71 da 29. Ya ƙi dokar haƙƙin zaɓe ta 1965 ma.

Sai dai a daidai waɗannan shekaru, a matsayinsa na shugaban ƙaramin kwamitin haƙƙoƙin tsarin mulki tun 1961, ya jagoranci gyaran dokar beli ta 1966 don kada talauci kaɗai ya tsare mutum a kurkuku kafin shari'a, ya kuma ɗauki nauyin dokar 1968 da ta ba 'yan asalin Amurka kariya daga hukumomin ƙabilunsu. A 1971 ya binciki yadda sojoji ke tattara bayanan fararen hula masu zanga-zanga. Da majalisa ta kafa kwamitin binciken badaƙalar Watergate da ta shafi gwamnatin Shugaba Nixon a Fabrairun 1973, shi aka ba shugabanci, kuma a gaban kwamitin ne Alexander Butterfield, tsohon hadimin shugaban, ya bayyana cewa ana naɗar maganganun da ake yi a ofishin Shugaba Nixon, bayanin da ya buɗe hanyar murabus ɗinsa a Agustan 1974. A wannan shekara Ervin ya taimaka wajen samar da dokar da ta taƙaita ikon shugaba na riƙe kuɗin da majalisa ta ware, da dokar sirri da ta ba ɗan ƙasa damar duba bayanan da hukumomin tarayya suka ajiye a kansa.

Masu kare shi suna cewa aƙida ɗaya ce ta haifi matsayin biyu, wato rashin yarda da ƙarfin gwamnatin tarayya a duk inda ya bayyana, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma rashin yardarsa a Washington ya tsaya, alhali magatakardan gunduma da ke jarraba baƙar fata da karatu kafin rajista shi ma jami'in hukuma ne, kuma jarrabawar tana cikin kundin tsarin mulkin Karolina ta Arewa tun gyaran 1900, wanda aka yi musamman don cire su daga jerin masu zaɓe. Dokar 1965, wadda Ervin ya kaɗa ƙuri'ar ƙi a kanta, ita ce ta dakatar da wannan jarrabawa a gundumomi da dama na jiharsa.